Yayar Giwa

Idan ka shiga layin da ke bayan tashar mota, ka wuce mai facin taya da mai sayar da katin waya, za ka ga wata ƙofa mai labulen roba shuɗi. Nan ne shagon kitson Firit. Kujeru biyu ne a ciki, da benci, da madubin da gefensa ya tsage aka liƙe da salatif, da fanka mai kuka kamar tsohuwar akuya. Firit mace ce 'yar ƙarama, ta ba arba'in baya, amma in ka hango ta daga nesa sai ka ɗauka 'yar makaranta ce aka aika. Hannunta akwai zafi, sai dai kitsonta yana daɗewa bai tashi ba. Duk da haka, in baƙuwa ta tsaya a bakin layi ta ce, "Don Allah ina shagon Firit?" sai an yi ɗan tunani. In kuwa ta ce "yayar Giwa", kowa sai ya nuna mata. Wannan abu ya fi komai ci wa Firit rai, kuma ba yau ya fara ba.

Tana 'yar shekara bakwai aka haifi ƙanwarta. Kafin nan ita kaɗai ce a gaban Inna da Baba, ita ke kwana a bayan Inna, ita Baba ke ɗorawa a kan teburin aikinsa tana miƙo masa ƙananan ƙusoshi, don shi mai gyaran takalma ne. Ranar da aka dawo da jaririya daga asibiti, gidan ya cika da mata, kowacce na leƙa zani tana riƙe baki. Jaririyar ta yi biyun jariran mutane. Harshenta ya fi ƙarfin bakinta, kullum yana waje, cibiyarta ta yi tudu, ƙafarta ta dama kuma ta fi ta hagu kauri. Wata maƙwabciya ta ce, "Inna, wannan ai giwa kika haifa!" Sunan ya bi ta. Matar ta waiga ta ga babbar tsaye a jikin ƙofa, sai ta ƙara da cewa, "Ga kuma yayarta 'yar firit, kamar a hure ta ta faɗi." Aka yi dariya. A rana ɗaya aka ba su suna su biyu, amma ita nata sunan a gefen na ƙanwarta aka yanko shi.

Likitan yara ya zaunar da Baba da Inna ya yi musu bayani. Ya ce wani yanayi ne na halitta, tun daga ƙwayoyin gado, yana sa jikin yaro girma fiye da ƙa'ida, wani lokaci sashe ɗaya ya fi ɗaya. Ya ce girman ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne irin waɗannan yara sun fi sauran saurin fitar da ƙari a ciki, a ƙoda ko a hanta ko a kusa da su. Saboda haka duk bayan wata uku a kawo ta a ɗauki hoton cikinta, har ta girma ta wuce shekarun haɗari.

Ga Inna da Baba, ranar hoto ranar fargaba ce. Ga Firit kuwa, rana ce da ake yi wa Giwa wanka da sabulu mai ƙamshi, Inna ta sa mayafinta na fita, Baba ya rufe shago ya saɓa yarinyar a kafaɗa, su uku su tafi a bar ta wurin maƙwabta. In sun dawo da labari mai daɗi, sai Baba ya sayo wa Giwa biskit na cikin gwangwani, ya ce, "Ki sam wa yayarki." Sam mata ake yi. Kullum sam mata ake yi.

Wata rana ba a sami wanda za a bar ta wurinsa ba, aka tafi da ita. Ta ga ɗakin mai sanyi, ta ga yadda mai hoto ya matsa wani man shafawa a cikin Giwa, ya riƙa zagayawa da wani abu kamar kan dutsen guga, yana kallon allo yana cewa, "Yarinyar kirki, jaruma." Inna na riƙe da hannun Giwa, Baba na shafa mata kai. Babu wanda ya lura Firit ta tsaya a kan takalmin ma'aikaciya sai da matar ta ce, "Ke matsa mana."

Washegari Firit ta tashi da ciwon ciki. Ta yi ta birgima a tabarma tana nuna gefen dama, daidai inda ta ga an fi daɗewa ana dubawa a jikin Giwa.

"Inna, nan ne. Ina jin wani abu ya fito mini. A kai ni hoto."

Inna ta taɓa goshinta, ta danna cikin, ta ce, "Tsutsa ce." Aka ɗura mata maganin tsutsa mai ɗaci, ta wuni tana zaryar bayi. Tun daga ranar ba ta sake ƙaryar ciwo ba.

Sai kuma maganar takalmi. Da Giwa ta fara tafiya aka ga ƙafar dama ta fi tsawo, tana ɗingishi. Baba ya riƙa yi mata takalmi da hannunsa, yana ƙara wa na hagu tudu. Zai durƙusa a gabanta, ya ɗora ƙafarta a kan kwali ya zagaye da fensir, ya yi kwanaki yana goge fata. Ita Firit na roba ake sayo mata a kasuwa, in ya tsinke Baba ya ɗinke ya ce, "Ke ai ƙafarki lafiya lau, ki gode wa Allah." Ta gode wa Allah, ta koma bayan ɗaki ta yi kuka.

Abin haushin, Giwa ba ta da halin da za a ƙi ta. An yi mata aikin harshe tana ƙarama, maganarta ta saura da ɗan tsamin baki mai daɗin ji, ga dariya kamar an kifar da kwanuka. Shekarun haɗari suka wuce ba a taɓa ganin komai a hoto ba, asibiti suka sallame ta. Girman ma ya lafa, ta zama doguwar mace mai cikar jiki wadda in ta shigo wuri sai an ɗaga kai. Ta yi karatu ta zama malamar ƙananan yara. Firit ta koyi kitso, ta auri wani direban motar haya mai haƙuri, ta haifi 'ya'ya uku, ta kama shago. Da Baba ya kwanta ciwon ajali, Firit ce ta yi ta jinyarsa, ita ce wanki, ita ce juya shi. Maganarsa ta ƙarshe da ita, ya kama hannunta ya ce, "Ki kula mini da Giwa."

"To, Baba," ta ce. Ta jira ko zai ƙara wani abu, bai ƙara ba.

Giwa na gab da shekara talatin, tana zaune da Inna, abin ya faru. Duk ƙarshen mako takan zo shago kitso, Inna ta biyo ta ta zauna a benci tana hira da masu jiran layi. Firit ta fara lura gashin gaban kan ƙanwarta yana zubewa, har kitson ba ya kamuwa. Fuskarta ta yi zagaye kamar faranti, wuyanta ya yi tudu ta baya, ga ƙuraje. Firit ta ga duk wannan, kuma ba za a ɓoye ba, wani sanyi ta ji a ranta. Ashe kyau ma yana gajiya. Ran nan tana tsaga, ta karkato da kan Giwa wajen haske, sai ta ga gashi baƙi, mai kauri, ya fito mata a haɓa. Shagon cike da mata, bakinta ya riga hankalinta.

"Ikon Allah! Giwa, gemu kika fara? To sai mu nemo miki reza, mu riƙa kiranki Kawu."

Mata suka kwashe da dariya, Giwa ma ta yi, tana rufe haɓa da hannu. Inna ce kaɗai ba ta yi ba. Ta taso da ƙyar saboda ciwon gwiwa, ta kama fuskar Giwa ta juya dama da hagu.

"Tun yaushe?"

"Inna, ba komai ba ne, ƙiba ce kawai."

"Na ce tun yaushe? Al'adarki fa?"

Giwa ta sunkuyar da kai ta ce ta yi watanni ba ta gani ba, kuma kanta na yawan sarawa. Inna ta saki fuskarta ta dafe ƙirji. Tsohon tsoron nan da aka binne shekara da shekaru ya taso mata gaba ɗaya.

"Gobe asibiti. Ke Firit, ki rufe shago ki kai ta, ni ƙafata ba za ta iya hawa benen nan ba."

"Inna, gobe ina da masu kitso tun safe."

"Kitso ya fi ƙanwarki?"

Haka aka yi. A asibiti aka auna jinin Giwa aka ga ya hau sosai. Likitar da ta gan su, wata mace mai farin gilashi da magana a hankali, tana jin tarihin yarintar Giwa ta ajiye biro ta gyara zama. Ta tura su hoton ciki. Firit ta sake tsintar kanta a irin ɗakin nan mai sanyi, tana riƙe da jaka da mayafin ƙanwarta. Mai hoto ya zagaya, ya zagaya, ya tsaya a gefen dama. Ya daina hira. Ya fita ya kira wani, shi ma ya zo ya ƙura wa allo ido.

Likita ta zana musu a takarda. "Kun ga ƙoda. A samanta akwai wata 'yar tsoka da ke zaune kamar hula. Ƙarama ce, amma ita ke fitar da sinadaran da ke riƙe da hawan jini da gishirin jiki da ƙarfin mutum. A kan ta dama mun ga dunƙule, ya kai girman ƙwan kaza. Ina zaton shi ke zubo sinadari fiye da kima, shi ya kawo gashin da kumburin fuska."

"Kansa ce?" in ji Giwa.

"Ban sani ba tukuna, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Zai iya zama ƙari marar illa, zai iya zama mai illa, zai iya zama wani abu dabam. Irin wannan ba kasafai ake ganinsa ba, balle ga mai irin halittarki da ta riga ta girma. Sai mun bi shi a hankali." Ta dube su. "Wa ya fara lura da gashin?"

Firit ta buɗe baki, Giwa ta riga ta. "Innarmu ce. Ita ta ce lallai mu zo."

"Allah ya yi mata albarka. Uwa ba wasa ba."

Firit ta haɗiye maganarta. Ba ta isa ta ce ita ce ba, don in ta ce, sai ta faɗi yadda ta faɗe shi.

Makonnin da suka biyo baya duk a hanyar asibiti suka ƙare. Aka ba Giwa jarka ta tara fitsarin yini da kwana, Firit ce ta rungumo jarkar a cikin leda a motar haya, tana kawar da kai. Aka ɗebi jini, aka sake ɗiba. Aka sa Giwa a wata babbar na'ura mai rami bayan an yi mata allurar da ke haska ciki. Firit ta tambayi likita me ya sa ba za a tsira allura a ɗebo ɗan yanki a duba ba, kowa ya huta. Likita ta ce ba a yi wa irin wannan haka, don in mai illa ne allurar na iya fasa shi ya bazu, kuma ɗan yanki ba ya faɗin gaskiyar sauran. Sai an cire shi ɗungurungum.

Labari ya zagaya asibitin. Duk ranar da suka zo, sai likitoci masu koyo su cika ɗakin, a auna ƙafar Giwa ta dama da ta hagu, a ce ta fito da harshe, a nemi izinin ɗaukar hoto. Wani babban likita ya taso daga wani asibitin musamman don ya gan ta. Ya ce a duk shekarunsa na aiki bai taɓa cin karo da irinta ba. Firit na tsaye a lungu da jaka biyu a kafaɗa, wani ɗalibi ya ce mata, "Baiwar Allah, masu rakiya a waje suke jira."

"Yayata ce," in ji Giwa.

Ɗalibin ya dubi wannan, ya dubi waccan. "Yayarki? Ciki ɗaya?"

A waje ma haka. Iyayen yaran da Giwa ke koyarwa suka yi ta sintiri gidan Inna da lemo da madara. Masu zuwa kitso kafin su zauna sai sun ce, "Ya jikin Giwa?" Babu mai cewa ya gajiyarki. Har mijin Firit, wanda bai taɓa fashin aiki don ciwonta ba, ya ajiye mota ya je ya ba da jini saboda Giwa.

"Lokacin da na haifi Auta na kusa tafiya, kana ina?" ta tambaye shi.

"Haba, Maman yara. Ina kan hanya, kin sani."

"Ai kullum kana kan hanya, in ba Giwa ce ta yi atishawa ba."

Ya ɗauki makullinsa ya fita.

Likita ta ce tunda abin ya shafi ƙwayoyin gado, wani lokaci yana bin dangi, gara a gwada jinin Inna da na Firit, saboda 'ya'yanta. Ranar da aka ɗaure mata hannu aka ɗebi jinin, ma'aikaciyar ta ce, "Sannu, yi haƙuri, yanzu za a gama." Firit ta ji wani abu ya tsirga mata har ido. Ta koma gida tana lallaɓa audugar, ba ta cire ba sai da ta faɗi da kanta. Da sakamako ya fito, likita ta yi murmushi ta ce, "Albishirinki. Ke da Inna babu komai. Na Giwa a kanta ya fara, a kanta ya tsaya. 'Ya'yanki ba sa bukatar gwaji."

"Alhamdu lillahi," in ji Firit, kuma har zuciyarta ta faɗa, saboda yaran. Amma tana saukowa daga bene ta ji kamar an kira sunan kowa a aji an tsallake nata. Ta tsaya a kan matakala ta yi wa kanta tsaki. "Ke dai Allah ya shirye ki," ta ce a fili, har wani mai shara ya waigo.

Ana gobe tiyata, da rana, ta je ta yi wa Giwa kitso manya guda huɗu don hular asibiti ta zauna. Giwa na zaune a ƙasa tsakanin gwiwoyinta. Can ta ce, "Yaya, kin san tun ina ƙarama nake jin haushinki?"

Hannun Firit ya tsaya. "Haushina? A kan me?"

"Ke ba wanda ya taɓa yaye miki riga a gaban mutane. Kina fita wasa ba mai bin ki da ido. Ni in na yi tari Inna ba ta barci. Ke mutum ce, ni abin kallo. Jiya wani ya kira ni 'mai ƙodar nan', ko sunana bai tambaya ba."

Firit ta so ta ji tausayi, kuma ta ji. Amma wani ɓangare na zuciyarta cewa ya yi: ji mini yarinya, ta kwashe uwa, ta kwashe uba, yanzu haushin ma da nake taƙama da shi sai ta raba ni da shi. Ta ja gashin da ɗan ƙarfi.

"Wayyo, Yaya!"

"Zauna daidai. Ki shiga ki fito lafiya, sai mu zauna mu ga wa ya fi wani jin haushi."

Giwa ta yi dariyar nan tata, sannan dariyar ta juye kuka. Firit ta rungume kan a cinyarta, ta bar ta ta yi mai isarta.

Aikin ya ɗauki rabin yini. Firit ba ta iya zama ba, ta yi ta kai da kawo a baranda har Inna ta ce tana sa ta jiri. Da likita ta fito ta ce an cire shi gaba ɗaya bai fashe ba, Firit ta zauna a ƙasa daɓas. Sai dai jira bai ƙare ba. Masu duba tsoka a ɗakin gwaji suka kasa yanke hukunci, don a jikin masu irin halittar Giwa ƙwayoyin wannan tsoka kan yi manya, su yi kama da mugun abu ko da ba shi ba ne. Aka aika wani wurin a sake dubawa. Bayan makonni amsa ta zo: ƙari ne marar illa. Za a ci gaba da hoto lokaci zuwa lokaci, kuma za ta sha ƙwaya kullum na tsawon watanni, don 'yar tsokar hagu ta yi barci tun da ta dama ta karɓe aiki, sai ta farka a hankali.

Inna ba za ta iya jinya ba, saboda haka gidan Firit aka kawo Giwa. Aka ba ta ɗakin yara, aka kai mata fanka mai kyau. Firit ce ke tashi ta dafa mata ruwan wanka, ta wanke ciwon, ta tsaya a kanta sai ta haɗiye ƙwaya. Yaran kuwa suna dawowa daga makaranta sai ɗakin Anti Giwa, su zagaye ta tana ba su labari. Auta har ya ce shi a wurinta zai riƙa cin abinci, don ta fi Mama iya ba da loma.

Kumburin fuska ya saɓe, gashin haɓa ya daina fitowa, na kai ya dawo. Kafin shekara ta zagayo Giwa ta koma aji, ta ma fi da kyau. Wani ma'aikacin ɗakin gwajin jini, wanda ya yi ta ɗibar jininta a lokacin, ya fara zuwa gaishe da Inna, gaisuwar da ba ta ƙarewa. Yanzu ya auri Giwa, suna da 'ya mace, an gwada ta an ce lafiyarta ƙalau.

Firit na nan a shagonta. In ranar hoton Giwa ta zo, mijin Giwar ya ce zai kai ta, sai Firit ta ce ina, shi bai san tambayoyin da ake yi wa likita ba. Ta rufe shago, ta yi ta mita a mota tun daga gida har asibiti, cewa ita ba a haife ta don rakiya ba, mutane na da abin yi. Giwa ta ce, "To Yaya, ki zauna mana." Firit ta harare ta ta ce, "In zauna, wa zai kai ki?" In an fito an ce babu komai, sai ta yi ajiyar zuciya, ta miƙa wa Giwa jakarta ta ce ta riƙe kayanta, su tsallaka titi su nemi mota.